Asibitin gwamnati ko na kuɗi? Abin da ya kamata mutumin Kano ya auna kafin ya yanki kati

A Kano, idan ciwo ya kwantar da wani a gida, gardamar farko ba ta wuce ɗaya: a kai shi asibitin Murtala ne, ko asibitin Malam Aminu Kano, ko kuwa a nufi asibitin kuɗi na bayan layi? Mai cewa a je na gwamnati aljihu yake dubawa. Mai cewa a je na kuɗi yana tuna ranar da ya wuni a kan benci har la'asar bai ga likita ba. Kowannensu yana da gaskiyarsa. Sai dai sau da yawa kyan gini da sanyin ɗakin jira ne suke yanke shawarar, alhali irin ciwon, da tsawon lokacin da za a ɗauka ana fama da shi, su ya kamata su yanke ta.

Gara in faɗi matsayata tun yanzu. Kuɗin da kake biya a asibiti mai zaman kansa, lokaci da lallashi yake saya maka. Ƙwararrun hannaye da manyan na'urori kuwa, har gobe mafi yawansu a asibitocin gwamnati suke. Wanda ya san wannan ba zai riƙe ɓangare ɗaya ya ce shi ke nan ba, zai riƙa duba ciwon ne kafin ya duba ƙofar da zai shiga.

Abubuwan da za a ɗora a sikeli

Na farko kuɗi, amma ba kuɗin kati ba, don shi ne mafi ƙanƙanta a duk lissafin. Abin da ke karya magidanci shi ne gwaji, hoto, magani, kuɗin gado, jini idan an buƙata, abincin mai jinya, kuɗin adaidaita sahu safe da yamma, da cinikin da ya wuce shi ranar da ya rufe rumfa. A Najeriya sama da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya daga aljihun jama'a yake fita kai tsaye, saboda haka duk inda ka je kai ne za ka ɗauki kaso mafi nauyi. Tun da aka cire tallafin mai aka kuma saki naira a 2023, farashin magani ya yi tashin gwauron zabo, musamman wanda ake shigowa da shi daga waje, kuma wannan bai ƙyale kowane irin asibiti ba.

Na biyu lokaci da wahala: awa nawa daga shigarka zuwa ganin likita, taga nawa za ka tsaya, kuma kana da wanda zai yi maka wannan zirga-zirgar?

Na uku, wanda mutane suka fi mantawa da shi, shi ne wa ke wurin da ƙarfe biyun dare. Da rana kowane asibiti asibiti ne. Da dare ake gane ko akwai likita a cikin ginin ko sai an kira shi a waya, ko akwai mai sa barci a ɗakin tiyata, ko akwai jini a ajiye, ko iskar oksijin za ta kai asuba.

Na huɗu ɗorewa. Ciwon kwana uku daban, ciwon shekara goma daban. Tambayar ita ce, za ka iya ci gaba da biyan wannan kuɗin wata bayan wata? Kuma asibitin zai ci gaba da riƙe fayil ɗinka, da likitan da ya san tarihinka? Sai haɗari, wato irin kuskuren da aka fi yi a kowane ɓangare. Sannan mutunci da sirri, wanda ba ƙaramin abu ba ne a garin nan, musamman ga mace mai son mace 'yar'uwarta ta duba ta.

Asibitin gwamnati

Kuskure ne a yi maganar "asibitin gwamnati" kamar abu ɗaya ne. Hawa-hawa ne. A ƙasa akwai ƙananan asibitocin unguwa, na sha-ka-tafi, inda ake awon ciki da rigakafin yara da gwajin zazzaɓin cizon sauro. Sama da su akwai manyan asibitocin jiha: Murtala Muhammad kusa da Ƙofar Mata, Muhammad Abdullahi Wase da kowa ke kira asibitin Nassarawa, Sir Muhammadu Sanusi, Sheikh Muhammad Jidda wato Kuroda, Waziri Shehu Gidado, asibitin yara na Hasiya Bayero, asibitin haihuwa na Sabo Bakin Zuwo, asibitin Zana na cututtuka masu yaɗuwa, da na Muhammadu Buhari da ke Giginyu. Sai na tarayya, irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a kan titin Zariya, wanda aka kafa a 1988, da Asibitin Ƙashi na Dala da yake aiki tun 1959. Rabin wahalar da ake sha a manyan asibitocin nan ta samo asali ne daga tsallake matakin ƙasa. Mai mura da mai ciwon ƙoda duk a layi ɗaya.

Ta fuskar kuɗi, nan ne mafi sauƙi, amma kada kowa ya tafi da tunanin kyauta. Abubuwan da za ka iya dogara da cewa kyauta ne sun haɗa da allurar rigakafin yara, maganin tarin fuka, da maganin cuta mai karya garkuwar jiki. Aikin yoyon fitsari ma ana yin sa kyauta a cibiyar Laure da ke cikin Murtala. Jihar Kano ta daɗe da tsarin haihuwa kyauta a asibitocinta, kuma a watan Nuwamban 2024 ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi a asibitocin da aka tantance. Sai dai duk wanda ya taɓa raka mai naƙuda ya san cewa kalmar kyauta tana tsayawa ne a inda kayan sito suka ƙare. Ranar da babu, takarda za a miƙo maka: safar hannu, ruwan ƙari, zare, allura, ka fita ka sayo. Don haka ko da tsarin kyauta ne, kada magidanci ya je hannu rabbana.

Farashin asibitin koyarwa ya fi na jiha, kuma akwai ɓangaren masu hali a cikinsa, inda za ka biya ƙarin kuɗi a ba ka ɗaki kai kaɗai. Wannan ɓangaren ya cancanci a san da shi, domin yana haɗa maka abu biyu: hutun asibitin kuɗi da likitocin asibitin koyarwa.

Wahala kuwa, a nan take. Ka yi sammako bayan sallar asuba ka kama layin kati, ka biya a wannan taga, ka kai rasit waccan, a nemo fayil, ka jira likita, ya rubuta gwaji, ka koma layin biya, a ce sakamako sai gobe. Ganin babban likita na wani fanni yana da ranarsa a mako, kuma ana iya ba ka wata guda ko fiye. Aikin tiyatar da ba na gaggawa ba ana iya ɗaga shi sau da dama. A ɗakin gaggawa kuma akwai kalmar da kowa ke tsoro: babu gado. Jinya ma kusan rabinta a wuyan dangi take. Su za su sayo magani, su kai jini ɗakin gwaji, su nemo wanda zai ba da jini a madadin wanda aka ƙara wa majinyaci, su kwana a baranda. Wanda ba shi da tsayayyen mai jinya, asibitin gwamnati zai yi masa tsauri ƙwarai. Faɗan da ake yawan kuka da shi daga wasu malaman asibiti gaskiya ne yana faruwa, kodayake wanda ya ga yawan matan da ungozoma ɗaya ke karɓa a dare ɗaya zai rage mamaki, ba don hakan ya zama uzuri ba.

To me ya sa duk da haka nake cewa babban ciwo nan ne gidansa? Saboda taron hannu. A asibitin koyarwa majinyaci ɗaya yana bi ta hannun ƙaramin likita, da na sama da shi, da babban ƙwararre, kuma idan matsala ta ɓullo daga wani sashe na jiki, likitan wannan fannin yana cikin harabar. Akwai ɗakin kulawa ta musamman, akwai ma'ajiyar jini, akwai kwalbar jarirai bakwaini, akwai injin wankin ƙoda. Asibitin Malam ya fara dashen ƙoda tun 2002. Dala kuwa daga jihohin Arewa da dama, har daga Nijar, ake kawo masu karaya da ciwon baya. Lokacin annobar mashaƙo a 2023, asibitocin gwamnati ne suka ɗauki yaran, ba na kuɗi ba. Likitan da yake ganin irin ciwonka kullum ya fi wanda yake ganinsa sau ɗaya a shekara, komai kyan ofishinsa.

Ta wajen ɗorewa, ga mai hawan jini, ciwon suga, sikila ko farfaɗiya, asibitin gwamnati ya fi riƙo, domin kuɗin ganin likita kaɗan ne kuma asibitin ba ya tashi. Abin da ke yanke wannan igiya shi ne yajin aiki. A 2018 ƙungiyar ma'aikatan lafiya ta JOHESU ta yi kusan mako shida tana yaji, a 2021 kuma likitoci masu neman ƙwarewa suka yi kusan wata biyu, daga Agusta zuwa farkon Oktoba. Ga kuma ficewar likitoci da nas-nas zuwa Saudiyya da Ingila, wadda ke sa ka dawo bayan wata uku ka tarar da baƙuwar fuska. Mai ciwo mai daɗewa ya kamata ya riƙe kwafin sakamakon gwaje-gwajensa da sunayen magungunansa a gida, saboda irin wannan rana.

Asibitin kuɗi

Shi ma ba iri ɗaya ba ne, kuma tazarar da ke tsakanin na sama da na ƙasa ta fi ta gwamnati faɗi. Akwai manya a Nassarawa da Bompai da kewayen titin Zoo masu ɗakin tiyata na gaske da likitoci a kowane lokaci. Akwai matsakaita, waɗanda likita ɗaya ya buɗe yana zuwa bayan ya tashi daga aikin gwamnati. Akwai kuma gidan haya mai ɗaki huɗu da allo a ƙofa, wanda idan ka bincika babu likita ko ɗaya a ciki, wani ne da ya taɓa aiki a asibiti ya sa farar riga. Duk su ukun sunansu asibitin kuɗi.

Abin da yake sayarwa a fili yake. Ka zo bayan magariba a duba ka, gwaji ya fito kafin ka tashi, a ba ka magani a wuri ɗaya, a yi maka magana da ladabi, ka samu lambar likita. Ga ɗan kasuwar Kwari ko Singa wanda wuni guda a layi ya fi masa kuɗin ganin likita tsada, wannan lissafi ne mai kyau, ba almubazzaranci ba. Ga mace mai son sirri, ko tsoho da ba zai jure zaman benci ba, haka nan.

Wani abu da ya kamata a sani: da yawa daga ƙwararrun da ake jira wata guda a gani a asibitin gwamnati, su ne dai suke zama a asibitocin kuɗi da yamma ko ranar Asabar. Wato sau da yawa ba wani likita daban kake saya ba, layi kake tsallakewa. Wannan yana da amfani idan shawarar ƙwararre kake nema. Amma idan kwanciya ce, ka tuna cewa shi zai duba ka ya tafi gida. Wanda zai kwana da kai wani ne.

Kuɗi a nan ba ya da tsayayyen farashi, kowa da nasa. Kafin a taɓa majinyaci akan nemi kafin alƙalami, kuma lissafin yana tafiya ne kullum: gado, zagayen likita, kuɗin nas, oksijin na awa-awa, har da rabonka na man janareto a ɓoye cikin farashin. Tiyatar haihuwa a asibitin kuɗi maganar ɗaruruwan dubban naira ce, a manyan ma ta wuce haka. Maganin da ke kantin asibitin yakan fi na waje tsada, kuma kana da damar karɓar takardar magani ka saya a kantin da ka amince da shi. Kafin ka sa hannu a kan aiki, ka nemi a rubuta maka jimlar kuɗin, ka kuma tambayi abin da ba ya ciki: jini, kwanakin da suka ƙaru, kwalba idan jariri ya buƙata. A nan ne mutane suke faɗawa rami, don farashin da aka faɗa na aikin da ya tafi lafiya ne.

Haɗarinsa kashi biyu ne. Na farko, wanda zai ci riba da gwajin shi ne yake rubuta gwajin. Ba kowa ne ke cin amana ba, akwai likitoci masu tsoron Allah da yawa, amma tsarin kansa yana jan hannu zuwa ga ƙarin ruwan da ba a buƙata, da kwanciyar da ba dole ba, da shahararriyar ganewar nan ta "maleriya da taifod" da ake liƙa wa kowane zazzaɓi. Mu ma muna da laifi, domin da yawanmu idan ba a rataya mana leda ba gani muke ba a yi mana komai ba. Na biyu ya fi muni: riƙe majinyacin da ya fi ƙarfin asibitin. A yi kwana huɗu ana gwada wannan da wancan, kuɗi ya ƙare, jiki ya rikice, sannan da tsakar dare a rubuta takarda a ce a tafi asibitin Malam. Sai iyali su isa can ba kuɗi, ciwo kuma ya yi nisa. Asibitin kuɗi na kirki ana gane shi ne da saurin cewa wannan ba namu ba ne, ku wuce gaba.

Jihar Kano tana da hukumar PHIMA mai rajista da sa ido kan asibitoci masu zaman kansu, kuma lokaci zuwa lokaci tana rufe waɗanda ba su cika ƙa'ida ba. Ba rashin kunya ba ne ka nemi ganin takardar rajistar asibiti, ko ka tambayi sunan likitan da zai yi aikin da fanninsa. Wanda ya fusata da wannan tambaya ya riga ya ba ka amsa.

Abin da ke sauya lissafin gaba ɗaya

Inshorar lafiya. A 2022 aka sa hannu kan dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, wadda ta maye gurbin tsohon tsarin NHIS ta kuma wajabta inshora a kan kowa, kodayake a aikace yawancin mutane ba su shiga ba. Ma'aikacin tarayya da ke cikin tsarin ana duba shi da matarsa da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, yana biyan kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani. A jiha akwai hukumar taimakekeniyar lafiya ta KSCHMA da aka kafa da dokar 2016, wadda ma'aikatan jiha da na ƙananan hukumomi suke ciki, kuma ɗan kasuwa ko mai sana'ar hannu ma yana iya shiga da kuɗin shekara. Mai kati yana zaɓar asibitin da zai riƙa zuwa daga cikin waɗanda aka amince da su, har da wasu masu zaman kansu.

Tsarin yana da nasa ciwon kai. Akwai jiran lambar izini kafin a tura ka wajen ƙwararre, akwai "wannan maganin ba ya cikin tsari", akwai manyan ayyukan da ba a ɗauka gaba ɗaya, akwai kuma iyakar mace ɗaya da 'ya'ya huɗu, wadda ba ta yi daidai da girman gidajenmu ba, sai an biya wa sauran daban. Duk da haka, ga gida mai ƙananan yara da mace mai haihuwa, ban ga abin da ya kai shi rage asara ba. Sharaɗin kawai shi ne a shiga tun ana lafiya, don katin ba ya fara aiki ranar da aka yi rajista.

Akwai kuma 'yan tsakiya, asibitocin da ba na gwamnati ba amma ba riba ce gabansu ba. A fannin ido, asibitin ECWA da ke Sabon Gari, wanda yake nan tun shekarun 1940, da asibitin Makka, sun daɗe suna ɗauke wa jama'a nauyi. Kemis na unguwa kuwa ba na sa shi a wannan awo. Wurin sayen magani ne, ba wurin gano ciwo ba, kuma batun jabu na daga cikin dalilan da suka sa aka tashi dillalan magani daga Sabon Gari zuwa Dangwauro a 2024.

| Abin dubawa | Asibitin gwamnati | Asibitin kuɗi |
|---|---|---|
| Kuɗi | Da sauƙi, wasu ayyuka kyauta, amma akan tura ka sayo kaya | Da tsada, sai an ajiye kafin alƙalami, lissafi na ƙaruwa kullum |
| Jira | Dogon layi, ranar ƙwararre na iya kai wata | Cikin awa ɗaya ko biyu, har da dare |
| Ƙwararru | Fannoni da yawa a wuri ɗaya | Suna zuwa su tafi, sai a manya kaɗan |
| Jini, oksijin, kwalba | Akwai a manya, amma gado na ƙarewa | Ya danganta, a tambaya tun farko |
| Doguwar jinya | Aljihu zai iya jurewa | Tana cinye jari |
| Abin da ke katse aiki | Yajin aiki, cunkoso, ƙarewar kaya | Ƙarewar kuɗinka, tafiyar likita |
| Babban haɗari | Jinkiri | Riƙe ciwon da ya fi ƙarfinsu, gwajin da ba dole ba |
| Sirri da hutu | Kaɗan, sai a ɓangaren masu hali | Da dama |

Wa ya kamata ya je ina

Zazzaɓi, gudawar da ba ta galabaitar ba, ciwon kunne, ƙaramin rauni: asibitin unguwa na gwamnati idan da safe ne kuma kana da lokaci, ko amintaccen asibitin kuɗi idan dare ne ko aiki ya riƙe ka. Kai irin wannan asibitin koyarwa ɓata wuni ne. Amma a yi gwaji kafin magani, kuma idan an kwana biyu babu sauƙi a wuce gaba.

Hatsarin mota, harbi, sara, shanyewar ɓarin jiki, ciwon ƙirji mai tsanani, yaro mai suma ko numfashi sama-sama: babban asibitin gwamnati mafi kusa, kai tsaye, ba tare da yada zango ba. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana kowane asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa, dokar 2017 kuma ta ce a duba wanda aka harba ba sai an jira takardar 'yan sanda ba. Idan ƙaramin asibiti ne kawai a kusa, a tsayar da jini a sa ruwa, a ci gaba da tafiya. Karaya kuwa Dala, kuma tun kafin a kai wa mai ɗori, ba bayan ƙafa ta kumbura ta yi baƙi ba.

Mai ciki ita ce ta fi buƙatar dogon tunani. Idan cikin lafiya lau ne, ba na fari ba, kuma haihuwar baya ba a sha wahala ba, awo a asibitin unguwa ko asibitin haihuwa na jiha ya wadatar, kuma asibitin kuɗi mai rajista ma ya yi ga mai hali. Amma idan akwai hawan jini, ko ta taɓa jijjiga, ko an taɓa yi mata aiki, ko tagwaye ne, ko tana da sikila, ko yarinya ce ƙarama, ko haihuwa ta yi yawa, to a yanki kati tun da wuri a inda ake da jini da ɗakin tiyata da kwalba a ƙarƙashin rufi ɗaya. Maigidan da ya fi son asibitin kuɗi don hutun iyalinsa ya yi tambaya uku kafin watan haihuwa: likita yana kwana a nan? Idan jini ya ɓalle daga ina za ku samo? Idan jariri ya zo bai isa ba ina za ku kai shi? Dabarar da mata da yawa suke yi, ta riƙe kati biyu, ɗaya a kowane ɓangare, ba ɓarnar kuɗi ba ce, musamman idan aka yi rashin sa'a naƙuda ta zo cikin yajin aiki.

Hawan jini, suga, sikila, asma, ciwon ƙoda, cutar daji: a kafa fayil a asibitin gwamnati, a riƙe ranar ganin likita kamar ranar albashi. Asibitin kuɗi ya zama na cike giɓi, wato gwajin da ake so da sauri, hoton da injin gwamnati ya lalace, ko ganin ƙwararre sau ɗaya don a ji ra'ayi na biyu. Tarin da ya wuce mako biyu kuwa babu dalilin kashe ko sisi a kansa a waje, tunda gwaji da maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati.

Aikin da ba na gaggawa ba amma yana hana sana'a, irin su gwaiwa, basir ko yanar ido, a nan asibitin kuɗi yake da hujja mai ƙarfi, in dai an san likitan kuma an rubuta farashi. Mai neman kuɗi da ƙarfinsa, jiran wata huɗu na iya fi masa kuɗin aikin tsada.

Mai shirin sayar da fili don tafiya Masar ko Indiya ya fara zama da ƙwararre a nan gida, ya ji ko aikin ana yin sa a Kano ko Abuja, ya kuma tambayi wanda zai ci gaba da duba shi bayan ya dawo, domin jinyar bayan aiki a nan za a yi ta.

Wanda kuma ba shi da ko na kati, kada kunya ta zaunar da shi a gida. Manyan asibitocin gwamnati suna da ofishin jin daɗin marasa lafiya, inda ake duba halin mutum a rage masa ko a haɗa shi da masu taimako, kuma asusun kula da lafiya a matakin farko da dokar 2014 ta tanada yana biya wa marasa ƙarfi da aka yi wa rajista a asibitocin mazaɓu. Mai unguwa ko shugaban asibitin unguwarku zai faɗa maka lokacin da ake ɗaukar sunaye da takardun da za ka je da su.